Gayyar Duwatsu

Aladen ya shiga lambun ne ta wurin da shingen ƙaya ya kwanta, gefen kwazazzabo. Kafin kowa ya ankara ya tone fangalin albasa uku, ya koma kan tattasai. Zakiyyu ne ya tarar da shi. Bai kore shi ba. Ya ɗauki digar da mata suka jingina a bakin rijiya, ya zagaya ta bayansa, ya sauke masa ita tsakanin kunnuwa. Aladen ya yi ƙara, ya ja jiki da ƙafafun gaba. Zakiyyu ya bi shi yana bugu, bai tsaya ba har bayan dabbar ta daina motsi.

Mahaifiyarsa Indo tana bakin rijiya da guga a hannu.

"Ya mutu, Zakiyyu," ta ce. "Mi kake bugu kuma?"

Ya jefar da digar, ya goge fuska da gefen riga.

Mai aladen ya sauko daga kan dutse kafin jinin ya bushe. Sunansa Joel, ɗan tsohon soja Sila wanda ya ba su Indo aron filin. Matarsa Margaret tana biye da shi tana kiran sunansa. Ita ma tana da fangali a lambun, jikin na Indo.

"Wa ya yi wannan?" in ji Joel.

"Ni. Dubi albasar mutane."

"Da ka ɗaure shi ka kira ni. A kasar ubana za ka kashe min dabba?"

Zakiyyu ya dubi samarin da suka fara taruwa a bakin shinge, ya yi murmushi.

"Ƙasa ake cewa. Kasa macijiya ce, tana cikin rami. In ubanka na da kasa, ya riƙe abarsa, kar ta sari mutane."

Samarin suka yi dariya. Joel ya sa masa kai a fuska. Suka faɗi tare cikin fangalin da aka tone. Joel ya fi shi ƙarfi, ɗan kokawa ne, ya danne shi ya cusa masa fuska cikin taɓo. Hannun Zakiyyu ya lalubo marfin tukunyar ƙarfe da mata ke rufe iri da shi, ya juyo ya maka masa gefensa a baki. Leɓen Joel ya tsage, haƙori ɗaya ya faɗi. Margaret ta kama mijinta ta ƙugu, Indo ta shiga tsakani, gwiwar hannun wani ta same ta a ido. Da ƙyar aka raba su.

Joel ya tofar da jini, ya kama aladen ta ƙafar baya ya fara ja. Da ya kai shinge ya waiwayo.

"Wurin nan za ku bar shi," ya ce.

Mutanen da Joel ke wa wannan magana ba 'yan Zuru ba ne. Daga Tungar Maje suka zo, wani ƙauye bayan Bena da yanzu babu kowa a cikinsa. Kafin a shiga ƙauyen, maharan sun aiko da saƙo ta bakin wani mai itace da suka kama suka sake: za su zo su ƙare garin. Dodo, wan mijin Indo, shi ne ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce barazana ce, kowa ya koma gona. Suka zo da rana tsaka a kan babura. An harbe mijin Indo a gindin rumbunsa, Zakiyyu na kwance cikin dawa yana gani.

Waɗanda suka tsira suka kafa bukkoki a gefen Zuru, a gindin dutsen da dangin Sila ke noma. Indo ce ta hau dutsen ta roƙi fili. Abin da Sila ya ba ta fako ne, jar ƙasa mai tauri da ko ciyawa ba ta kamawa. Matan suka fasa ta da diga, suka yi ta jido kashin awaki daga cikin gari a kwanduna, suka haɗu aka haƙa rijiya. A rani na biyu albasa ta yi, tumatir ya yi, alayyafo ya yi. Daga nan matan Tungar Maje suka daina zama a bakin tasha suna miƙa hannu. Wasu matan kan dutse, irin su Margaret, suka sauko aka yanka musu fangali.

Abu ɗaya ke hana Indo sakewa, shi ne kwazazzabon. Duk damina ruwa na gangarowa daga dutse ya ƙara cin bakinsa. A daminar da ta wuce ya ci ƙasar da ke ƙarƙashin shinge, ya matso har ana iya tsayawa a bakin rijiya a tofa yawu cikinsa. Ta san in aka bar shi haka, ruwan bana zai tafi da rijiyar. In rijiya ta tafi babu lambu, in babu lambu sai tasha.

A kan dutse ta ga yadda mutanen Sila ke jera duwatsu layi-layi a gonakinsu, ruwa ya zo ya daki layin ya rage gudu, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. Tun farkon bazara ta roƙe shi ya nuna musu yadda ake yi. Ya ce zai duba. Bayan maganar alade ta ɗauka wannan zance ya mutu.

Sila bai ɗauke shi haka ba. Ya ga bakin ɗansa, ya sauko shi kaɗai ya duba inda aladen ya shiga. Ya ga shinge ya kwanta ne don babu ƙasa a ƙarƙashinsa. Ya koma ya kira gayya: duk namijin da ke dangi zai ɗauko dutse, a cike bakin kwazazzabon, a kafa turaku, a jera layuka a sama da lambun. Joel ya ce shi ba zai ɗauki dutse saboda mutanen da suka fasa masa baki ba. Sila ya ce Joel ɗin ne ma zai shiga gaba.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Sila ya zo bukkokin. Indo na kasuwa. Ya tarar da maza zaune a gindin ɗorawa. Dogo ne, ba ya dariya, yana magana kamar yana ba da umarni a fareti. Bai zauna ba. Duk waɗanda ke wurin sun yarda da kalmomin da ya faɗa, babu wanda ya ƙara ko ya rage:

"Gobe da safe za mu sauko, ni da yarana duka. Da diga, da gatari, da karfe. Za mu kare wurin nan gaba ɗaya kafin ruwa ya zo. Ku ma ku shirya."

Ya juya ya tafi.

Sila ya koyi Hausa ne a kasuwa da bariki, bayan harshen gidansu. Harafin ƙ bai taɓa zama a bakinsa ba, kunnensa ma ba ya rarrabe shi. Ƙofa kofa ce a wurinsa, ƙarfe karfe. Mutanen Tungar Maje sun saba da haka, har kunnuwansu sun koyi gyara masa magana tun kafin ya rufe baki. A wannan rana da ya ce kare, ya faɗi kalmar daidai. Su ne suka gyara ta.

"Kun ji," in ji Dodo.

Wani tela mai suna Muhammad Sani ya ce, "Ƙila kariya yake nufi."

"Ya ce karfe. Mi ne ne karfe?"

"Ƙarfe."

"To ya ce kare. Mi ne ne kare?"

Kowa ya gyara kalmar a ransa: ƙare.

"Mutum ka kashe masa dabba, ka cire wa ɗansa haƙori," Dodo ya ci gaba, "sannan ya zo da gatari ya kare ka? Daga mi? Wancan karon ma saƙo anka aiko. Ni na ce a zauna. Ba ni sake cewa."

Babu ko ɗaya daga cikin mazan da ya san roƙon da Indo ta yi game da duwatsu. Lambu harkar mata ce, su abin da suka sani shi ne miya.

Da Indo ta dawo ta tarar ana wasa adduna a kan dutsen niƙa. Dodo ya tono bindigar tokar da ya binne tun zuwansu, yana zaune yana yanka tsohon ƙarfen keke ƙanana-ƙanana. Shi ya faɗa mata, kuma a bakinsa harafin ya fito sarai.

"Sila ya zo. Gobe za su ƙare wurin ga."

"Haka ya ce, Yaya?"

"Da bakinsa. Tambayi kowa."

Ta dubi mazan. Suka gyaɗa kai, har da tela.

"Bari in tahi in ji daga gare shi."

"Ba mai hawa dutsen ga. Ki je su riƙe ki, ko ki je ki ce musu mun shirya?"

"To a kira Margaret."

Wayar gidan na hannun Zakiyyu. Ya sa ta cikin aljihu.

"Inna, matar Joel ce. Mi za ta ce miki? Ku zo mu sha shayi?"

Kafin magariba aka kwashe mata da yara zuwa gidan wani mai awo a cikin gari. Indo ta bi su. Ba ta yarda Sila zai yi abin da aka ce ba, amma ta tuna maganar Joel a bakin shinge, ta kuma tuna cewa a Tungar Maje ma ba ta yarda ba.

Da gari ya waye ta ɗauki kwando ta fita ba ta gaya wa kowa ba. In za a lalata lambun, gara ta cire albasar da ta nuna. Ta bi ta bayan makaranta don kada mazan su gan ta. Su suna can sama, sun kwanta a bakin kwazazzabo inda hanyar dutse ke saukowa.

A bakin rijiya ta tarar da Margaret ta kafa murhu, ta ɗora babbar tukunya, tana hura wuta. Gefenta ƙwarya ce cike da ƙullun gero.

"Maman Zakiyyu, ina kwana. Ina matanku? Ni kaɗai zan dama kunun rundunar nan?"

"Kunun mi?"

"Na gayya mana. Baba bai faɗa ba? Ya ce ya gaya wa mazanku jiya su shirya."

"Gayyar mi, Margaret?"

"Duwatsu. Ba ke kika roke shi ba? Tun asuba suke fasa su. Joel sai kunkuni yake, Baba ya ɗora masa wanda ya fi girma." Ta yi dariya. "Kumburin idonki ya sauka?"

Daga sama aka fara jin ganga.

Indo ta saki kwandon ta zura da gudu. Ta tsallake fangalin tumatir, ta bi ta inda shinge ya kwanta, ƙaya ta kama zanenta ta fizge. Ta faɗa cikin kwazazzabon ta bi shi sama, yashi na zame mata a ƙafa.

'Yan gayya suna saukowa a layi ɗaya, yawancinsu babu riga. Kowa da dutse a ka bisa gammo, hannu ɗaya na tallafe da shi. Joel ne a gaba, leɓensa bai gama saɓewa ba. A tsakiya akwai masu gatari, waɗanda za su sari turaku. Mai ganga na tafe a gefe. Sila na can baya da dogon ƙarfen ɓamɓarar dutse a kafaɗa, kwanar hanya ta ɓoye shi.

Daga inda Dodo ke kwance a bayan wani kurmi, abin da ya gani shi ne maza masu yawa, da gatura, da ganga.

Indo ta fito daga kwana tana ɗaga hannu. Ta ce gayya ce. Numfashinta ya ƙare, gangar kuma ta fi ta murya. Ta sake faɗa. Tela ya waiwayo ya gan ta, ya buɗe baki.

Dodo ya harba.

Yankakken ƙarfen ya sami Joel a ƙirji da wuya. Bai yi ƙara ba. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, dutsen da ke kansa ya biyo shi ya sauka a kan kafaɗarsa. Na bayansa ya dafe cinya ya zauna. Ganga ta tsaya. Hayaƙi ya tashi daga kurmin ya nuna wa kowa inda aka yi harbin.

Samarin Tungar Maje suka taso da adduna da gorori suna hawa gangaren. Wannan shi ne kuskurensu na biyu. Mutanen da ke samansu suna riƙe da duwatsu, kuma tun suna yara suke aiki da su. Dutse na farko ya sauko ya sami wani saurayi a gwiwa, ƙafar ta juya ta inda ba ta juyawa. Na biyu ya fasa gora biyu ya wuce. Daga nan suka zo a tare. Waɗanda suka jefa manyan suka sunkuya suka tsinci ƙanana a hanya.

Dodo na durƙushe yana ɗura albarushi a bakin bindiga, rabinsa na zuba a ƙasa. Dutse mai girman tulu ya daki kurmin, ya yi tsalle, ya same shi a gefen kai. Ya kwanta a kan bindigar. Ƙafarsa ta yi ta shurin yashi na ɗan lokaci.

Waɗanda suka kai sama suka haɗu da masu gatari. Wani ya kai sara, aka tare da ƙotar gatari, aka mayar masa da bayan gatarin a haƙarƙari. Tela, wanda bai ɗaga addarsa ba tun farko, yana tsaye yana cewa a tsaya, gora ta same shi a baki. Mutum biyu suka rungumi juna suka gangaro har ƙasan kwazazzabo, na sama ya ɗauki yashi ya cusa wa na ƙasa a ido, na ƙasa ya cije shi a kunne bai saki ba. Ƙura ta tashi har ba a gane na wane gefe ne ke kwance.

Sila ya ji harbin daga bayan kwana. Bai ga wanda ya faɗi ba. Ya san ƙarar bindigar toka, ya kuma san daga wane gefe ta zo. Ya jefar da ƙarfensa, ya bar hanya, ya gangaro ta gefen kwazazzabo don ya shiga tsakanin ɓangarorin biyu. Ya sauka a ƙasa da hannuwa a sama, ya ɗaga muryar da ya yi shekaru yana ba da umarni da ita.

"Ku tsaya. Ku saurara. Kare muka zo yi. Mun zo mu kare wurin."

Zakiyyu na kusa da shi, jini na zuba daga goshinsa ya rufe masa ido ɗaya. Ya ji. Ya taka ya sauke addar tsakanin wuyan tsohon da kafaɗa. Sila ya dube shi, ya kai hannu wurin, ya zauna a yashi a hankali, sannan ya kwanta ta gefe.

Zakiyyu ya sake ɗaga addar. Indo ta iso ta faɗa a kan tsohon ta ɗaga hannu. Addar ta sauka a tafinta, ta tsaga shi har ƙashi.

"Ni ce," ta ce. "Dube ni. Ni ce."

Ya ja da baya.

"Inna, kin ji abin da ya ce."

"Na ji. Dubi ƙasa."

Ya duba. Gammo ne warwatse a ko'ina, na tsumma da na ganye, wasu sun gangaro har ƙafarsa.

"Wa ka taɓa gani ya tahi yaƙi da gammo?"

Ya tsaya yana kallon su. Ya dubi addar, ya dubi hannunta. Dutse ya faɗo kusa da shi. Ya saki addar ya bi kwazazzabon ƙasa da gudu. Sauran samarin, waɗanda ke iya gudu, suka bi shi.

A gefen kwazazzabon akwai wurin da ruwa ya ƙwaƙule ƙasa ya bar rumfa. Indo ta kama Sila ta hammata da hannu ɗaya da gwiwar ɗayan, ta ja shi ciki. Ta cire ɗankwalinta ta dunƙule ta cusa a ramin saran, ta ɗora gwiwarta a kai. Idanunsa na rufe, amma jijiyar wuyansa na bugawa. Nata hannun ta matse shi a hammata.

Daga sama ta ji wani ya kira sunan Joel, ya sake kira. Sai ta ji ƙafafu sun wuce ta saman kanta, da yawa, ƙasa na zubo mata a wuya. Ba su ga Sila ba. Ta yi kira, babu wanda ya tsaya. Lambu suka nufa.

Daga bakin rumfar tana hango rabinsa. Ta ga Margaret ta miƙe daga gindin murhu da ludayi a hannu tana tambaya. Wani ya faɗa mata. Ta saki ludayin ta kama hanyar dutse da gudu, ta faɗi, ta tashi.

Mazan suka shiga da diga da gatari, kayan da suka zo da su. Suka bi fangali ɗaya bayan ɗaya. Suka sare tumatir da tattasai daga tushe, suka tone albasa suka tattake. Na Margaret ma bai tsira ba, babu wanda ya san wanne ne nata. Suka sare 'yan itatuwan zogale da matan suka dasa a jikin shinge. Wani ya shure tukunyar kunu, ya ɗebi wutar murhun ya cinna wa ƙayar, ta kama ta zagaye lambun. Sannan suka koma hanya suka ɗauko duwatsun da suka rage, suka jeru kamar yadda suka sauko, kowa ya zo bakin rijiya ya saki nasa. Da farko ana jin ƙarar ruwa. Daga baya sai ƙarar dutse a kan dutse.

Daga nan suka wuce bukkoki. Ba su tarar da kowa ba, suka ƙona na bakin hanya. Suna cikin haka motar jami'an tsaro ta iso, aka yi harbi sama, kowa ya watse. Indo ta yi ta kira har wani jami'i ya leƙo cikin kwazazzabon.

Mutum biyu suka mutu a wurin, Joel da Dodo. An kwantar da tara a asibiti. An kama Zakiyyu a hanyar Mahuta, ba takalmi, bai yi gardama ba.

An ɗinke hannun Indo, aka ce yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Tana ɗakin mata, Sila na ɗakin maza, danginsa na zaune a ƙofa ba su bar kowa daga bukkoki ya matso ba. Ranar da ya farfaɗo sosai ita ce ranar da aka ba su gawar Joel. Suka tafi kan dutse gaba ɗaya. Da rana ta yi tsaka Indo ta taka zuwa ɗakin. Ma'aikaciyar jinya ta tare ta a ƙofa.

"Bai san ɗansa ya mutu ba. Jininsa ya yi ƙasa, likita ya ce kada a faɗa masa tukuna. In ba za ki iya riƙe baki ba, koma."

Indo ta ce za ta iya.

An naɗe masa wuya da kafaɗa, ana ƙara masa ruwa. Ya rame, amma ya gane ta.

"Maman Zakiyyu."

"Baba. Ya jiki?"

"Da sauki. Me ya sami hannunki?"

"Adda."

Ya dubi bandejin.

"Yaron nan naki yana da zafi. Wa ya yi harbi?"

"Yaya Dodo."

"Me ya sa?"

"Tsoro, Baba."

Ya gyaɗa kai kaɗan, kamar wanda aka ba rahoton da ya saba ji.

"Na ga irinsa a daji. Mutum ya harbi nasa saboda ganye ya motsa." Ya ja numfashi. "Ina mutanena? Ban ga kowa ba."

"Suna kan dutse."

"To. Bayan na faɗi, sun ji magana? Na gaya musu abin da ya kawo mu." Ya juyo da ido gare ta. "An kare wurin?"

Indo ta dubi bakinsa. Ta dubi ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye a ƙofa.

"An ƙare shi," ta ce. Ta fito da harafin sarai, kamar yadda Dodo ya fito da shi.

"Gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya."

"Har rijiya?"

"Har rijiya. Can duwatsun sunka tahi."

"Madalla." Ya lumshe ido, ya sake buɗewa. "Joel fa? Ya yi aiki, ko ya tsaya kumbura baki?"

"Shi ne a gaba."

"Haka na ce masa." Gefen bakinsa ya motsa. Shi ne karo na farko da ta ga wani abu mai kama da murmushi a fuskarsa. "Saura abu ɗaya. Ku dasa gamba a bayan duwatsun, layi-layi, kafin ruwa. Dutse kaɗai ba ya rike kasa. Sai da saiwa."

"To, Baba."

"Kada ku jira maza."

"Ba mu jira."

Ya yi barci. Ta zauna kaɗan, sannan ta tashi kafin danginsa su dawo.

Ruwan farko ya sauka cikin makon, da rana, mai ƙarfi. Indo na tsaye a barandar gidan mai awo tare da sauran matan, da hannu a rataye. Da ya ɗauke ta bi ta bayan makaranta ta je ta duba. Kwazazzabon ya ci bakin rijiyar ta gefen gabas, ya buɗe ta har ƙasa. Duwatsun da aka zuba a ciki suna nan a tsaye, jere a kan juna, jan ruwa na bi ta tsakaninsu yana wucewa.